Gurnanin da Ban Gyara Ba

Da za a ba ni rana ɗaya a cikin rayuwata a ce in sake ta, ba ranar da na sayar da gonar mahaifinmu zan zaɓa ba, ko da yake ita kuka fi jin ina ambata. Wani yammacin Alhamis zan zaɓa, a shagona na kasuwar Mai Wurno, in koma in zauna in buɗe bayan wani akwati in ƙarasa aikin da na fara. Ku 'ya'yana, da ke Nafisa ɗiyar ƙanena Bello da kika tashi a ɗakina, kun girma kuna jin cewa hannun Bello ya ƙone ne don Allah ya ja masa kunne a kan kiɗa. An sha faɗar haka a gabana, ban taɓa cewa ba haka ba ne. Yanzu ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, to bari in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya riƙe alƙalami.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da Bello, sai autarmu Zainabu. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na taɓa boko kaɗan, daga nan aka kai ni Sinnar wurin wani mai gyaran rediyo, na zauna har hannuna ya faɗa. Da na dawo gida na buɗe shago, a hankali duk lasifikar masallatan unguwarmu ta zama a hannuna. In ladan ya yi kira aka ji shi garau har bakin kogi, ni ake yi wa addu'a. Aka fara ce mini Usta Abbakar, wato gwanin sana'a, aka fara matsa mini wuri a sahun gaba. Ina son wannan girma fiye da yadda nake nunawa. Dattawa sukan zauna a bencin ƙofar shagona bayan la'asar su sha jabana, gahawarmu ta nan, cikinsu har da surukina Malam Jibo, mahaifin Hauwa uwarku, mutumin da ban taɓa iya kallon tsakar idonsa ba.

Bello kuwa masaƙar Hasahisa ya tafi aiki. A can ya haɗu da wasu samari masu kiɗan biki, ya koyi kaɗa gitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda suke kira bez. Ita ba a jin ta sai an haɗa ta da akwati mai ƙara murya, jihaz muke ce masa, da babbar samma'a, wato lasifika, a cikinsa kamar faifai. Da aikin masaƙa ya ja baya, sai kiɗan ya zama abincinsa, yau Madani gobe Sinnar. Kun san mutanenmu. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato saboda addini, kuma a wurinmu kiɗa na maroƙa ne. Bello ya san haka. In zai zo gida yakan bar kayansa wurin wani abokinsa a Sinnar, ya shigo gari da jallabiya da hula kamar kowa. Inna ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Abin da take tambayarsa kawai shi ne ko yana sallah a kan lokaci, in ya ce yana yi sai ta zuba masa fura.

A shekarar da nake ba ku labari aka tashi auren Zainabu. Dangin ango mutanen Sinnar ne, suka ce su dai sai an yi kiɗa. Bayan ja-in-ja dattawa suka yarda a yi shi a cikin gida wurin mata, daga la'asar, a tashi kafin magariba. Da ana maganar wa za a ɗauko, Inna ta ba kowa mamaki. Ta ce in dai sai an yi, to a kira mata ɗanta, ta ji da kunnenta abin da ya ɗauke mata shi shekara da shekaru. Ni na tura wa Bello saƙon, ba da son raina ba.

Ranar Alhamis bayan azahar sai ga keken jaki ya tsaya a bayan shagona. Bello ya sauke akwatin, ya sauko da gitar a naɗe cikin zane kamar an ɗauko mara lafiya. Ko ban faɗa masa ba ya san ta ƙofar baya zai shigo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi Hauwa da yara, sannan ya dafa akwatin.

"Yaya, tsohon nan ba shi da lahiya. Shina karkarwa, shina gurnani. A Madani ban damu ba, hayaniya na rufe shi. Amma gobe Inna za ta ji."

"Sai yau ka san kana da wa mai gyara?"

"Na sani tuntuni. Benci nika tsoro," ya ce, yana nuna ƙofar gaba da haɓa, yana dariya.

Na sakaya ƙofar, na ce ya haɗa. Ƙara iri biyu ce a akwatin, kuma duk mai wannan sana'a ya san ba a haɗa su wuri ɗaya. Akwai karkarwa, wadda take tashi sai an kaɗa tsirkiya, wannan ta katako ce da ƙarfe, wani abu ne ya saki. Akwai kuma gurnani, zuuu ɗin nan da ba ya yankewa ko an kaɗa ko ba a kaɗa ba, wannan na wuta ne. Na fara da karkarwar. Na ce ya riƙa kaɗa tsirkiya mafi kauri, a hankali, kada ya tsaya. Ni kuma na riƙa bin akwatin da tafin hannu ina dannawa, domin inda ka danna ƙarar ta ɗauke, nan ciwon yake. Na danna mariƙin sama, tana nan. Na danna ragar gaba, ta ragu amma ba ta mutu ba. Na ɗauko mufak, wato sukundireba, na ɗaure kusoshin ragar, na cusa guntun robar taya a tsakaninta da katako. Saura wata 'yar tsirit, kamar ƙwaro a cikin gwangwani. Na cire ragar na duba samma'ar da kanta, sai na ga ɗan murfin tsakiyarta ya ɗago a gefe ɗaya, gam ɗinsa ya bushe saboda zafi. Na liƙe shi, muka zauna muna jira ya kama.

A wannan jiran ne muka yi hirar da ba mu taɓa yin irinta ba tun muna yara. Ya ba ni labarin yadda ya sayi akwatin a hannun wani tsohon makaɗi, da yadda yake ɗora shi a cinya cikin mota don kada ramukan hanya su wahalar da shi. Ya ce shi a cikin 'yan kiɗa ba a ganinsa, a baya yake tsayawa, amma in ya ɗauke hannu sai kowa ya rasa inda zai sa ƙafa. Da gam ya kama na ce ya gwada. Ya kaɗa wani abu a hankali, ƙasa-ƙasa. Ban san sunansa ba. Na ji shi a ƙirjina kafin in ji shi a kunne, kwalaben da ke kan kanta suka amsa. Karkarwa ta tafi. Na kalli yatsunsa na hagu suna tafiya a kan wuyan gitar kamar ba shi yake aika su ba, na ce a raina ashe yaron nan gwani ne. Ban faɗa masa ba. Wannan shi ne ji na farko da na yi wa kiɗan ƙanena, shi ne kuma na ƙarshe.

Saura gurnani. Na zare wayar gitar daga akwatin, gurnani yana nan, na san ba daga gitar ba ne. Na mayar da murya ƙasa gaba ɗaya, yana nan. Sai na kai bayan hannuna jikin ƙarfen akwatin, kamar yadda maigidana na Sinnar ya koya mini, domin in wuta ta kama bayan hannu ture shi take yi, tafin hannu kuwa damƙewa yake. Na ji tsam, kamar cizon tururuwa. A nan na gane komai, kuma ina so ku riƙe wannan, na gane. Irin waɗannan tsofaffin akwatuna akwai wata 'yar aba da muke kira kwandansa a cikinsu tsakanin wayar wuta da jikin ƙarfe. In ta tsufa sai ta fara yoyo, wuta ta riƙa malalowa jikin akwatin, daga nan ta bi waya ta hau tsirkiyoyin gitar. Maganinta sananne ne. A kwance bayan akwatin, a yanke ta a jefar, a ɗaura wayar ƙasa a jikin ƙarfen, a haɗa da rodi a kafa a ƙasa duk inda za a yi kiɗa.

Na ɗauki mufak na sa a kan kusar farko, sai na ji an sallame sallar la'asar. Ina can ina sauraron kiɗa har jam'i ya wuce ni, abin da bai taɓa faruwa ba. Na ji takun dattawa suna nufo benci, na ji tarin Malam Jibo. In na kwance akwatin nan, Bello zai zauna har su zo su tarar da ƙofa a sakaye, su tura, su ga mai gyaran lasifikar masallaci da gitar a shagonsa, ga shi bai je sallah ba. Sai na ajiye mufak. Na zare fisha, wato kan wayar da ake cusawa a bango, mai ƙafa biyu ce, na juya ta na mayar. Gurnani ya faɗi, ya koma kamar numfashi. Dabara ce da kowane mai gyara ya sani. Ba ta warkar da komai, tana dai mayar da yoyon ɓangaren da ba shi da ƙarfi. Na tsoma tsinke a jan fenti na ɗiga a gefe ɗaya na fishar.

"Jan nan shi kalli sama. Kullum haka za ka sa ta."

"Shi ke nan? Yaya, wallahi hannunka da albarka. Masu gyaran Madani sun ce sai an canza rabin cikinsa."

"Kalas, an gama. Ɗauki ka tafi, ina da baƙi."

Ya naɗe gitarsa yana murna, ya nufi ƙofar baya. Na san alamar nan a bangon shagona kaɗai take da amfani, don wani wurin wayoyin a juye suke. Har na buɗe baki in ce masa kada ya kuskura ya taɓa tsirkiya ba takalmi, sai Malam Jibo ya yi sallama a ƙofar gaba. Na ce a raina gobe da safe zan je gidan in ƙarasa aikin. Da safen aka aiko cewa lasifikar masallacin Juma'a tana shaƙewa, na tafi can.

Abin da ya faru a cikin gida Hauwa ce ta ba ni labari, don ni ina waje tare da maza. An jawo wuta daga gidan maƙwabta da doguwar waya mai ƙulle-ƙulle, ba wanda ya san wace ce mai wuta a cikin silinta biyu. Mata kuma sun yi abin da ake yi a kowane gida in za a tara mutane, sun yayyafa wa tsakar gida ruwa sosai don ƙura ta kwanta, sun shimfiɗa tabarmi a gefe. Bello a Madani da Sinnar a kan dakali yake kiɗa, da takalminsa mai ƙasan roba, shi ya sa yoyon bai taɓa yi masa fiye da tsam ba. Amma nan gida ne. Ya shigo ya ga Inna zaune da ƙawayenta, tsofaffin da suka goya shi. Ɗan Mai Wurno ba ya tsayawa da takalmi a gaban iyayensa mata. Ya tuɓe su a bakin zaure kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya sa fisha da kansa ja yana kallon sama, ya kunna, ya tafi ya durƙusa yana gaida su ɗaya bayan ɗaya.

Ta bayan katanga na ji akwatin ya tashi. Zuuu, da ƙarfi, fiye da na jiya. Kunnena ya gaya mini wayar a juye take. Malam Jibo yana ba ni labarin wata shari'ar gona, finjalin jabana yana hannuna. Ba a katse surukai. Na ce bari ya kai aya in tashi. Bai kai ba aka ji wani gum guda ɗaya daga samma'ar, sai ihun mata.

Hauwa ta ce da ya gama gaisuwa Inna ta ce masa to bismilla, a ji. Ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya sunkuya ya kama wuyan gitar da hannun hagu, hannun ya damƙe bai sake ba. Ya faɗi yana mimmiƙewa. Wata ta yunƙura za ta kama shi, Hauwa ta ture ta, ta ɗauki taɓarya ta doki wayar har ta tsinke. Da na shigo na tarar da kansa a cinyar Inna, tafin hannunsa da layi huɗu na ƙunar tsirkiyoyi. Ko sauti ɗaya na kiɗansa Inna ba ta ji ba.

Ya rayu. Ya yi jinya a asibitin Sinnar, ya dawo da yatsu uku a lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba. Tun yana kwance magana ta gama gari, cewa a gidan malamai aka kawo kiɗa Allah ya nuna ikonsa. A bencin shagona Malam Jibo ya ce Allah yana son yaron nan ne, shi ya sa ya ja masa kunne tun a duniya. Duk suka juyo suna kallona, ni da na san wuta. Na ce haka ne. Kalma biyu, kuma da su na zauna a sahun gaba har tsufana. Inna kuwa kanta ta ɗora wa laifi. Har ta rasu tana cewa da ba ta ce a kira shi ba da hannunsa yana nan. Ina zaune kusa da ita take faɗa, ina gyara mata matashi.

Bello bai koma Madani ba. Ya samu gadin injin ban ruwa a bakin kogi, yana ɗan noman albasa da hannu ɗaya da rabi. Ya yi aure, aka haife ki Nafisa, mahaifiyarki ba ta daɗe ba ta rasu. Akwatin ya kawo mini ya ce in ajiye, na tura shi ƙuryar ɗakin tarkace na rufe da buhu. Daga nan na fara guje masa. In ya zo gaisuwa sai in tuna wani aiki. In muna cin tuwo ba na iya kallon yadda yake tallafe kwano da wannan hannun. Ina aika masa dawa da sukari ta hannun Hauwa, ni ba na zuwa. Shi kuma bai taɓa fasa durƙusa mini ba.

Da ciwon ajali ya kama shi na je. Da hantsi ne, yana kwance a gado ƙarƙashin rumfa, ke kina wasa da gwangwani a gefe, ba za ki tuna ba. Ya ba ni amanarki, na karɓa. Sannan ya ce:

"Yaya, akwai abin da ni daɗe ina son hwaɗa maka. Ranar nan, ja na sama. Wallahi yadda ka ce haka ni sa ta. Na san kana ganin ban ji maganarka ba, shi ya sa ka yi fushi da ni. Ban saɓa maka ba."

Shekarun nan duka, ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan. Ina gudunsa don kunya, shi yana zaton fushi ne. Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, ba dattijo ko ɗaya a wurin, daga ni sai shi. Na riƙe lanƙwasassun yatsun nan na ce:

"Na sani, Bello. Ban yi fushi ba."

Ya ce alhamdu lillahi, ya yi murmushi. Na tsaya a nan. Ban ce masa ni ne ba. Bayan kwana kaɗan muka kai shi.

Da tashin hankalin yaƙin nan ya koro mutane daga Madani, kika dawo gida da 'ya'yanki, Nafisa, muka rasa ɗakin da za mu sa ku sai na tarkace. Ke kika yaye buhun. Kika tsaya kina kallon akwatin, sannan kika tambaye ni a hankali, don kada yara su ji, ko wannan ne abin da aka hukunta babanki da shi. Na ce ki bar shi nan. Na ga yadda kika goge hannunki a jikin mayafi bayan kin taɓa shi.

Washegari da kuka fita na jawo shi tsakar gida. Ɗigon jan fentin yana nan a kan fisha. Na kwance kusoshin baya, na leƙa, ga ta nan inda na san take, ba ta fi ƙwallon dabino ba, ta kumbura ta tsage. Na yanke ta. Na ɗaura wayar ƙasa, na kafa rodi a gindin bango. Jabanar da Hauwa ta ajiye mini ba ta huce ba na gama. Da wuta ta zo na kunna, 'yar fitilarsa ta kama, na kai bayan hannu jikin ƙarfen ban ji komai ba. Na kara kunne a samma'a, shiru. Na zauna a gabansa har aka kira azahar, akwati lafiyayye, ba mai kaɗawa.

Nafisa, ba a hukunta babanki ba. Ladabi ne ya sa ya tuɓe takalminsa, biyayya ce ta sa ya sa fishar yadda wansa ya ce, wan nasa kuma ya san aikin bai gamu ba ya sallame shi ta ƙofar baya. Ki gaya wa 'ya'yanki haka, ki gaya musu kakansu gwani ne, ni na ji da kunnena. Akwatin naki ne, 'yar kwandansar kuma tana cikin aljihun jallabiyata, a bar mini ita.

Ku kuma sauran, abin da nake roƙo kaɗan ne. In ɗan'uwanku ya kawo muku abu yana gurnani, ku buɗe shi ku gama, ko wa ke zaune a benci. In kuma kun riga kun yi irin tawa, ku faɗa wa mai shi tun yana iya jin ku. Duk wanda ya je maƙabarta a cikinku, kabarin Bello yana gabas da na Inna. Ku yi masa addu'a, ku roƙa mini gafara wurin Allah, don shi ban ba shi damar ya yafe mini ba.